Ranar Saukar Maryam, Aka Kashe Janareta

Maryam tana tsakiyar aya fuskar kwamfutar ta koma shuɗiya.

Khaulat ta zuba wa farin rubutun Turancin da ya cika gilashin ido, hannunta dafe da ƙirji. Can Ingila yarinyar tana nan tana karatu, ba ta ma san malamarta ta ɓace ba. Nan Tsamiyar Yahya kuwa, ban da kukan kurciya a kan darbejiya da motsin ganyen gero bayan danga, ba ka jin komai.

Tun Maryam tana 'yar mitsitsiya Khaulat ke koya mata Alƙur'ani ta kwamfuta. Uwarta, Hajiya Furera, 'yar ƙauyen ce, aure ya kai ta Ingila, ta ce ba ta yarda 'yarta ta tashi da karatun da ba irin na gida ba. Suka faro daga ƙananan surori suna hawa, yau ga su a ƙarshen Baƙara. 'Yan shafuka suka rage, sai sauka. An ma riga an kai allo wurin mai zayyana. Za a yi saukar a gidan kakan yarinyar, Alhaji Nababa: shi ya riƙe allon a gaban kwamfuta, malama ta biya, Maryam ta amsa daga can, malaman gari su shafa fatiha. Khaulat ta sha ganin wannan rana a mafarki. Har mayafin da za ta yafa ta ware.

Najib ne ya haɗa wannan hanya tun farko. Shi ma ɗan ƙauyen ne, yana da shagon gyaran kwamfuta a Rijiyar Zaki. Shi ya samo mata kwamfutar, a zamanin da yake kiranta Khaulata, zamanin da yake tsayawa ƙofar gidansu da la'asar yana zuba zance har ya manta babur ɗinsa a kunne yake. Guda biyu ya sayo iri ɗaya, ya ce ɗaya tata ɗaya tasa, tagwaye ke nan. Daga baya kiran waya ya soma ja da baya, zuwan la'asar ya ɗauke, har ranar da ta ga hoton sa rana a wayar ƙawarta: Najib da wata Ramlat, 'yar birni, ita ma hafiza. Ɗayar tagwayen tana hannun Ramlat yanzu.

Khaulat ta yi kukanta a bayan rumbu, inda ba mai gani, ta wanke fuska ta koma kan karatu. Ta ce ya tafi da zuciyar, ai ya bar mata Maryam.

Sai manhajar da suke ganin juna da ita ta fara gargaɗin cewa ta daina aiki da tsohon tsarin kwamfuta. Ba ta san wani mai gyara ba sai shi. Ta danne zuciyarta ta aika masa da kwamfutar ta hannun direban motar Shanono. Ta dawo da sabuwar fuska, komai ya sauya wuri. Tun daga ranar waifai ya soma ɗaukewa. Ana cikin karatu sai alamar ta dushe, alhali 'yar na'urar sabis da take ratayewa a reshen darbejiya tana nan da koren haskenta, wayarta ma tana kamawa lafiya. In ta matsa a sake haɗawa, sai shuɗin nan ya rufe komai, kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta.

Ta kira shi.

"Yaya Najib, ba a iya mayar da ita kan tsohon tsarin, ko na ɗan lokaci ne?"

"Ana iyawa mana, ai abu ne mai sauƙi. Ki bari sai mako mai zuwa, aiki ya yi min yawa."

Da mako ya zagayo ta sake kira.

"Haba Malama, saurin me kike? Ki bari sai mako mai zuwa."

Da ta ga abin ba na ƙare ba ne, ta naɗe kwamfutar cikin zani, ta hau mota da kanta. Ta same shi a shago, janareta na ruri a baya, fanka na juyawa. Ramlat na zaune kan kujerar roba tana cin gyaɗa. Ta miƙe ta gaishe ta da ladabi, abin da ya ƙara ƙona wa Khaulat rai.

Najib ya karɓi kwamfutar da yatsu biyu kamar ya ɗauko tsumma, ya soka mata caja, ya kunna. Ta kama waifai nan take. Ya buɗe bidiyo, ya bar shi yana ta yi. Ko gezau.

"To, ina matsalar?"

"Wallahi a gida ba ta kaiwa ƙarshen shafi."

"A gida." Ya yi dariya ya dubi Ramlat. "Kin ji ko? Malama, wannan ba matsalar kwamfuta ba ce, matsalar ƙauyenku ce. Sabis ɗin da sai an hau bishiya ake tsinko shi kamar kanya."

"Ƙauyenku? Kai a ina aka yanke maka cibiya?"

"Ni dai na gaya miki gaskiya. Sabon tsari ba ya son daji."

Ramlat ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Ka ɗan duba mata mana." Ya zare cajar ya miƙa wa Khaulat kayanta.

Saƙon Hajiya Furera ya shigo tun motar ba ta wuce Rimin Gado ba. Murya ce, mai taushi, irin taushin da ke yanka. Ta ce Malama ta yi haƙuri, yarinya tana ta kuka kullum karatu na tsinkewa. Najib ya yi mata bayani, kwamfutar ta tsufa, sabis ɗin ƙauye kuma ba abin dogaro ba ne. Ya kawo shawarar Malama Ramlat ta ƙarasa shafukan, ita za ta biya ranar sauka, zai kawo ta da kayan aikinsa. Amma don Allah Malama Khaulat ta zo a yi da ita, ai ita ma uwa ce.

Ta zo a yi da ita. Ta zauna cikin 'yan kallo, wata ta biya wa Maryam ɗinta. Khaulat ta jingina goshi da gilashin mota, gonakin dawa suna wucewa kore shar, ita ba ta ganinsu.

Da ta isa gida ko mayafi ba ta cire ba. Ta ce tunda abu ne mai sauƙi, za ta yi da kanta. Ta bincika a waya, ta bi hanyar da aka nuna, ta kai wurin da ake komawa tsohon tsari. Maɓallin ya dushe, ba ya dannuwa. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa wannan dama ta wuce. Ta koma waya ta karanta dalili: bayan an ɗora sabon tsari, 'yan kwanaki kaɗan ake bayarwa a koma, in suka cika sai kwamfutar ta share tsohon da kanta. Duk mai gyara ya san haka.

Ki bari sai mako mai zuwa.

Ashe ba aiki ne ya yi masa yawa ba. Ƙofa yake jira ta rufe. Da muryar nan da ya taɓa rantse mata da ita, da ita ya riƙa lallaɓa ta har lokaci ya ƙure. Khaulat ba ta yi kuka ba wannan karon. Wani abu ne mai sanyi da nauyi ya sauka cikin ƙirjinta ya zauna daram. Ta rufe kwamfutar a hankali ta ce, "Najib, ka ɗauki abin da na yafe maka, ka dawo ka ɗauki wanda ba zan yafe ba."

Tambaya ɗaya ta hana ta sakat: me ya sa take aiki a shagonsa? Sabis ba zai zama dalili ba, ga waya tana kamawa a wuri guda. Ta riƙa dawo da shagon a ranta, fanka, gyaɗa, dariyarsa, yatsunsa biyu. Sai ta tuna abin da ya fara yi kafin ya kunna. Caja.

A gidan su Khaulat ba wuta. Kullum sai ta kai kwamfutar shagon caji ta cika, ta dawo ta yi karatu a kan batir. Ba ta taɓa koyarwa da caja a jiki ba.

Ta kwashi kaya ta nufi gidan Inna Mairo, maƙwabciyarsu mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, wadda ɗanta ya kafa mata sola saboda firiza.

"Inna, ki ara min soket ɗinki."

"Ke da kwamfutar nan taki mai farfaɗiya? Kar ki kashe min firiza, zoɓona bai daskare ba."

"In ya narke ni zan shanye shi duka."

Ta jona, ta kunna karatun wani ƙari'i ta intanet. Ya yi ta yi har Inna ta gama ƙulla leda, bai tsinke ba. Ta zare cajar, ta zauna tana jira. Ba a jima ba alamar waifai ta dushe. Ta danna a sake haɗawa. Shuɗi.

Ta yi wata irin dariya har Inna ta waigo. "Lafiyarki? Abu ya lalace kina murna?"

"Na kama ɓarawon, Inna."

Wannan karon ta ɗauki hoton shuɗin allon da waya kafin ya ɓace, ta kwafi kalmomin da ke ƙasa ta bincika. Ashe mutane da yawa a duniya sun yi irin kukanta. Sabon tsarin ya zo da sabon direba, wato 'yar manhajar da ke sarrafa na'urar waifai a cikin kwamfuta. In kwamfutar ta koma kan batir, sai direban ya kwantar da na'urar barci don tattalin wuta, in an zo tashinta ta ƙi tashi, sai komai ya rushe. Mai wuta a jone ba zai taɓa gani ba. Najib ya san ƙofa za ta rufe, amma bai san me ke cikin ɗakin ba, don shi bai taɓa taɓa kwamfuta ba janareta na kashe.

Gyaran ya ci mata kwanaki da data mai yawa. Ta sauko da direban da bai dace ba, waifai ya ɓace gaba ɗaya, ta kusa jifa da kwamfutar cikin randa. Ta sake nema, ta samo tsohon direban daga shafin masu ƙera ta, ta ɗora. Ta shiga ta cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe na'urar don tattalin wuta. Washegari tsarin ya sake ɗora sabon direban da kansa, shuɗi ya dawo. Ta ciji leɓe, ta sake yi, ta kuma toshe masa hanyar sauyawa. Sannan ta zauna ƙarƙashin darbejiya a kan batir tsantsa, ta bar karatu yana yi har batirin ya ƙare don kansa. Bai tsinke ba.

Ta tura wa Hajiya saƙo cewa ta gyara. Amsa ta zo: Allah ya yi albarka, amma an riga an tsara, kar a sake rikita yarinya.

To, ta bi ta ƙofa an rufe. Khaulat ta ajiye wayar.

Ranar Talata da yamma ta ga Najib ya wuce a babur da ɗan janareta ɗaure a baya. Ya tsaya ƙofar gidansu, daidai inda ya saba tsayawa.

"Malama, gobe sai a zo da wuri a samu wurin zama. Kin ga na zo da wutata."

"Kwamfutar Ramlat ma ka ɗora mata sabon tsarin?"

"Rana ɗaya da taki. Ita ai lafiya lau take."

Kalma ɗaya ta isa. Tana kan harshenta. Duk wanda ya tashi a Tsamiyar Yahya ya san Alhaji Nababa ba ya bari inji ya yi ƙara ana karatun Alƙur'ani a gidansa. Ko injin niƙan maƙwabta sai an kashe in za a yi sauka. Najib ma ya sani, birni ne ya mantar da shi. Khaulat ta dube shi, ta dubi janaretan, ta yi murmushin da ya fi kowanne daɗi da ta taɓa yi masa.

"Allah ya kai mu," ta ce.

Laraba da hantsi tsakar gidan Alhaji ta cika. Maza a kan tabarmi ƙarƙashin rumfa, mata daga gefen ɗakin girki, ƙamshin waina da gumba ya gauraye ko'ina. Allon zayyana na kan cinyar tsohon, ja da kore da ruwan ƙwai. Khaulat ta zauna cikin mata da mayafin da ta ware, jakarta a ƙarƙashin hijabi, nauyinta a kan cinya kamar jariri mai barci.

Najib ya tada janareta, ya jona, ya rataye na'urar sabis ɗinsa a kan rumfa. Fuskar Maryam ta bayyana tar, cikin farin hijabi, uwarta a bayanta. Mata suka yi guɗa. Najib ya gyara hula yana amsa sannu da aiki. Yarinyar ta riƙa leƙe tana neman wani a cikin taron, Khaulat ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Ramlat ta durƙusa gaban kwamfutar. Alhaji Nababa ya ɗaga allo, sai ya tsaya, ya karkata kunne.

"Mene ne ke gurnani haka?"

"Janareta ne, Baba Alhaji."

"A kashe."

"Baba, ai wutar..."

"Zancen Allah za a karanta, ba biki ake ba. Ko abin naka ba ya riƙe wuta?"

"Yana riƙewa, batirin sabo ne."

"To a kashe."

Ƙarar ta mutu. Shiru ya sauka, har kana jin kudan zuma a kan gumba.

Ramlat ta yi basmala, muryarta mai kyau ce, ba laifi. Maryam ta amsa. Suka gama Fatiha, suka shiga farkon Baƙara. A aya ta biyu hoton ya daskare, bakin yarinyar a buɗe.

"Yanzu zai dawo," in ji Najib. Ya danna. Shuɗi.

Wani tsoho daga baya ya ce, "A'a, ta rina." Aka yi 'yar dariya. Gumi ya keto wa Najib. Ya jira ta tashi, ya sake haɗawa, Maryam ta dawo. Aka koma farko. Ba su kai inda suka tsaya ba waifai ya sake ɗaukewa.

"Sabis ɗin nan ne," ya ce, muryarsa ta sirance.

Inna Mairo ta ɗaga wayarta daga cikin mata. "Sabis dai ga shi cike a tawa, ɗan nan. Ko bishiya za a hau a tsinko maka?"

Dariyar ta fi ta farko. Najib ya kai hannu wajen igiyar janareta, Alhaji ya dube shi kallo ɗaya, ya janye hannun. Ramlat ta sunkuya, idonta ya kawo ruwa, ita da ba ta san hawa ba balle sauka. Khaulat ta sha wannan kallo kamar mai ƙishi. Ta so ya daɗe. Ta so ya tsaya nan a durƙushe har azahar, kowa ya gan shi, ya san yadda jira yake.

Hoton ya sake dawowa. Maryam ba ta kallon allo yanzu. Hawaye ya jiƙa gefen farin hijabin, ta ce da Hausarta mai karkata, "Mama, ni ce nake ɓatawa? Ina Malamata?"

Wannan ne Khaulat ba ta shirya masa ba. Ta miƙe kafin shuɗin ya sake rufewa.

Ta ratsa tabarmi, ta durƙusa gaban tsohon. "Baba Alhaji, a ba ni izini."

"Ke ce 'yar Malam Usaini, mai koya mata tun farko? To da me kike jira?"

Ta zaro kwamfutarta. Najib ya matso yana raɗa, "Iri ɗaya ce fa, kar ki ƙara kunyata mu."

"Matsa, Malam Najib, kana tare min haske."

Ta kunna, ta haɗa da na'urarsa da ke rataye, sabis ɗin ƙauyen dai da ya raina. Ta kira. Fuskar Maryam ta cika gilashin.

"Malama!"

"Share hawayenki, 'yata. Ba ke ba ce. Kalli allon Kaka, daga farko."

Ta biya, yarinyar ta amsa. Aya na bin aya, muryar can da ta nan suna haɗuwa a tsakar gida, ba abin da ya tsinke. Tsohon yana riƙe da allo a gaban gilashin. Da suka kai ƙarshe ya ɗaga hannu, malamai suka ɗaga, aka shafa. Guɗa ta tashi har kaji suka watse. A gilashi Hajiya Furera na kuka tana cewa, "Malama, ki yafe ni, ki yafe ni." Khaulat ta ce ba komai, kuma ga Hajiya da gaske take.

Ramlat ta zo ta riƙe hannunta ta ce Allah ya ƙara sani. Khaulat ta amsa, ta ɗebo mata waina da hannunta.

Tana fita zaure Najib ya tare ta. Hular ta karkace, janaretan na hannunsa yana ɗigar mai.

"Khaulata."

Ta tsaya. Sunan ya taɓa wani wuri, ta jira ta ji ko zai yi zafi. Bai yi ba.

"Me kika yi wa taki? Don Allah. Ba ta Ramlat kaɗai ba ce, na ɗora wa mutane da yawa irin wannan tsarin. In suka fara dawowa da su, shagona ya mutu."

"Ka san ƙofar komawa rufewa take yi?"

Ya dubi ƙasa.

"Na tambaye ka."

"Na sani."

Ta gyara jakarta a kafaɗa. Bayansa gero na kaɗawa cikin iska har iyakar gani, hadari na haɗuwa ta gabas.

"Ana gyarawa mana," ta ce. "Ai abu ne mai sauƙi."

Ya ɗago kai da sauri, idonsa cike da fata.

"Ka bari sai mako mai zuwa."

Ta raɓa shi ta wuce.